Gonar Wani Abin Kallo, Gonar Gida Fuloti

Duk shekara idan Agusta ya kama, shafukan sada zumunta na wani rukunin Kanawa kan cika da hotuna daga gaɓar Bahar Rum. Likita ne, ko ma'aikacin banki, ko babban jami'in gwamnati, ya tsaya a kan tudu a wani ɗan ƙaramin gari na Italiya ko Tunisiya, shuɗin ruwa a bayansa, gonakin inabi da zaitun a gefensa an jera su hawa-hawa a jikin dutse. Ƙarƙashin hoton sai ka ga yabo: mutanen nan sun san darajar gadonsu, sun riƙe abin da kakanni suka bar musu. Tafiyar ba laifi ba ce, yabon kuma gaskiya ne. Abin tambayar yana cikin durowar mai hoton a gida. Sau da yawa akwai takardun fuloti biyu ko uku da ya saya a hanyar Dambatta, ko bayan Dawanau, ko wajen Minjibir, a filin da bara waccan gero ke tsaye a cikinsa. Dillali ya sa an sare ɗorawar da ke tsakiya, an kafa duwatsun iyaka, an bar wurin yana jiran ranar da farashi zai ninka.

Da'awar wannan rubutu mai sauƙi ce. Abin da ɗan boko ke biyan kuɗin jirgi da biza ya je ya kalla a gaɓar Bahar Rum aikin manoma ne da doka ta kare. Irin wannan aiki yana shimfiɗe a ƙauyukan arewacin Kano, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga Ƙofar Ruwa, kuma kuɗin ɗan bokon nan yana daga cikin abubuwan da ke cinye shi.

Abin da ake biya a gani

A ɗauki Cinque Terre, ƙauyuka biyar da ke manne da duwatsun gaɓar teku a yankin Liguriya na Italiya: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren gadon duniya a 1997, Italiya kuma ta mai da shi gandun ƙasa mai kariya a 1999. Teku akwai shi ko'ina a Italiya, don haka ba shi ya jawo musu wannan matsayi ba. Abin da aka karrama shi ne gumin talakawa na ɗaruruwan shekaru, waɗanda suka riƙa jera dutse kan dutse ba tare da siminti ba, suna tare ƙasa a jikin gangare domin su sami inda za su shuka inabi. Da matasa suka bar noma suka tafi birane, katangun suka fara zubewa. Ranar 25 ga Oktoban 2011 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kwaso laka da duwatsu ya binne titunan Vernazza da Monterosso, masana kuma suka nuna cewa gonakin da aka yi watsi da su na cikin wuraren da ƙasa ta fi zaftarewa. A yau wani kaso na kuɗin katin da baƙo ke saya kafin ya bi hanyoyin ƙafa na yankin yana komawa ga gyaran hanyoyin da kula da gandun.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. Ghar El Melh gari ne a gaɓar arewacin Tunisiya, mai tsohuwar tashar jiragen ruwa da ganuwoyi na zamanin Daular Usmaniyya. Manomansa suna shuka dankalin Turawa da albasa a kan rairayin bakin tafkin gishiri. Ruwan sama da ya nutse cikin yashi yana zama a saman ruwan gishiri domin ya fi shi rashin nauyi, idan teku ya cika sai ya ɗago shi zuwa saiwar shuka, ba a buƙatar famfo ko injin ban-ruwa. Wannan dabara, da ake kira ramli, an danganta ta ga Musulmin Andalus da suka yi hijira zuwa can a ƙarni na 17. A 2020 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sa ta cikin jerin tsare-tsaren noma da ake ɗauka gado ne ga duniya baki ɗaya, jerin da ta fara tun 2002.

Ke nan duniya ta daɗe da yarda cewa gona na iya zama kayan tarihi kamar fada ko masallaci. UNESCO ta buɗe wannan babi a 1992, kuma wuri na farko da Najeriya ta samu a jerin gadon duniya, a 1999, shi ne Sukur a Adamawa, inda gonakin da aka yi hawa-hawa a jikin dutse ke cikin abin da aka duba. Wanda ya ce gonar ƙauye ba abin kallo ba ce, sai ya bayyana abin da ya kai shi Liguriya.

Abin da ke bayan Dawanau

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Minjibir, Gezawa har Dambatta, tana da suna a littattafan ilimin ƙasa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Jami'ar Bayero, ya fara nazarinta tun shekarun 1960, ya kuma sa ta zama sananniya a matsayin yankin Kano mai cunkoson mazauna. Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda ɗaruruwan mutane ke rayuwa a kan kowace murabba'in kilomita ta jigawa mai ƙarancin ruwan sama, suna noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da barin ta ta huta ba, ƙasar kuma ba ta mutu ba. A ƙa'idar da ake koyarwa a lokacin, irin wannan wuri ya kamata ya zama hamada. Tun kafin Mortimore, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano daga wajen Katsina a Fabrairun 1851, ya lissafa ƙasar cikin mafi albarkar wuraren da ya gani.

Sirrin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya tashi a can. Manomi yana shuka gero da dawa a layi, ya ratsa su da wake da gyaɗa a tsarin da ake kira gicci, wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, hatsi yana ba su inuwa. Bayan girbi ba a zubar da komai. Harawa da karmami abincin tumaki da awaki ne, kara yana tafiya ga danga da rufi da murhu, kashin dabbobin da tokar murhun kuma su koma gona. Shekara da shekaru jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, su fito da mangalar taki daga jujin unguwanni, wato sharar birni ita ce abincin ƙauye, hatsin ƙauye kuma abincin birni. Gefen burtali an dasa aguwa domin dabba ta wuce ba ta yi ɓarna ba.

Sai itatuwa. Babu wanda ya tsaya a gonar nan bisa kuskure. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke buƙatar rana, ya fitar da sabo da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Ɗorawa tana ba da kalwar daddawa, kuka tana ba da miya, tsamiya tana ba da kunu, giginya tana ba da azara da muruci, goruba tana ba da kabar tabarma. Binciken da aka yi kan itacen girki na Kano a shekarun 1980 ya gano abin da ya saɓa wa zato: gonakin da ke kusa da birni, inda mutane suka fi yawa, ba su rasa itatuwansu ba, domin manomi yana sassabe reshe ya bar uwa, yana kuma renon ƙananan da suka tsiro.

Wannan ilimi ne, kuma tarihi na tare da shi. A Fanisau akwai gidan sarautar da ke da alaƙa da Sarki Ibrahim Dabo, inda Hugh Clapperton ya je ya same shi a 1824 lokacin yaƙi da Ɗan Tunku, kuma har yau sunan garin yana cikin hawan Sallah. Dambatta mazaunin Sarkin Bai ce, Dawakin Tofa ta Madaki, dukansu daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Minjibir ta yi suna da saƙa, Dawakin Tofa da ginin tukwane. Kasuwar Dawanau, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, ba daga sama ta faɗo ba, ƙasar da ke bayanta ce ta haife ta.

Yadda ake cinye ta

Gona ba ta mutuwa rana ɗaya. Dillali yakan fara zuwa ne bayan rasuwar mai gandu, lokacin da magada ke neman a raba. Ya saya da kuɗin gona, ya yanka, ya sayar da kuɗin fuloti. Masu sayen yawanci ba masu neman wurin kwana ba ne. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ke tsoron faɗuwar darajar naira, suka ga ƙasa ta fi banki aminci. Saboda haka ne mai bin hanyoyin da suka fita daga birni zai ga filaye da dama a killace da bulo layi biyu, babu gini, babu shuka, sai ciyawa da ledoji. Ƙasar ta bar ciyar da mutane, kuma ba ta zama gida ga kowa ba.

Doka ma ba ta tsaya wa manomi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ayyana inda birni ya kai, da karɓe fili saboda amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta shafi abin da ke kan ƙasa ne, kamar gini da amfanin gona, ba ita kanta ƙasar ba. Takin da iyali suka shekara ɗari suna zubawa, wanda ya mai da rairayi ƙasar noma, ba shi da gurbi a takardar kimantawa. Manomin da ya san haka yana da dalilin sayarwa da wuri, kafin a zo a karɓa da arha.

Bayan dillali sai mai gawayi. Tun da tsadar makamashi ta tsananta bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023, gidaje da yawa a birni sun koma gawayi, itacen da ya shekara sittin yana tsaye kuma yana iya zama buhuna cikin mako guda. Sai masu tifa, waɗanda ke kwashe yashin rafuka da ƙasar gonaki domin ginin birni, su bar ramukan da ruwa ke ci har su zama kwari. Sai ruwa. Kogin Jakara yana ratsa tsohon birni ya kwashi ƙazantarsa, ya haɗu da rafin Getsi da ke fitowa daga yankin masana'antu na Bompai, su zuba a dam ɗin Wasai da ke Minjibir. Masu bincike a jami'o'in Arewa sun daɗe suna rubutu kan gurɓacewar wannan ruwa, wanda da shi ake ban-ruwan kayan lambun da ke komawa kasuwannin birni. A da birni yana aika wa ƙauye taki. Yanzu abin da yake aikawa ya haɗa da leda da dagwalon masana'anta.

Otal a bakin dam

Idan aka tayar da zancen yawon buɗe ido a Kano, abin da ke fara zuwa bakin jami'i shi ne otal, wurin shaƙatawa, da kwale-kwale a kan dam. Wannan tunani ya kai shekara hamsin. Gwamnatin Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, ta kafa harsashin madatsun ruwan da jihar ke taƙama da su, kuma an gina masaukan baƙi a Tiga da Bagauda a kudancin birni. Madatsun sun amfani noman rani. Masaukin Bagauda kuwa ya ƙare a matsayin reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Darasin a fili yake: gini ba ya kiran baƙo. Mai kuɗin da ke son otal da wurin iyo zai same su a Dubai ko Alƙahira fiye da yadda bakin dam ɗin Tomas ko Watari zai taɓa ba shi. Abin da ba zai samu a can ba shi ne gonar gawo da gero a ƙarshen damina, da masaƙa a kan aikinsu, da kasuwar Dambatta ranar cinta. Kuɗin da za a zuba a siminti domin kwaikwayon wasu, da an kashe shi wajen kare abin da babu mai shi sai Kano, da ya fi riba.

Hujjojin masu musu

Za a ce birni dole ya faɗaɗa, mutane suna ƙaruwa, kuma kowa na da haƙƙin muhalli. Haka ne. Amma faɗaɗa da tsari daban, watsuwa daban. Kano ta taɓa samun tsarin shekara ashirin, na 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya rubuta, wato tunanin shata wa birni hanya ba baƙo ba ne a nan. Landan ma ta ci gaba da girma bayan an kewaye ta da zoben filayen da aka hana gini a kansu. Fulotin da aka killace aka bari shekara goma bai magance matsalar gidan kowa ba.

Za a ce manomi da kansa ya sayar, ba wanda ya tilasta masa. A takarda haka ne. Amma wanda ke da majinyaci a asibiti, ko 'ya da za a aurar, ko tsoron a karɓe gonar da diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, zaɓinsa ƙunci ne. Kuɗin fuloti yana ƙarewa cikin shekara biyu, a sayi babur, a yi biki, a gyara ɗaki. Daga nan mai gonar jiya ya koma ɗan ƙwadago, ko mai gadin filin da ya gada.

Za a ce, kuma wannan ita ce hujja mafi nauyi, talauci ba abin kallo ba ne, kuma zalunci ne a ce wa ɗan ƙauye ya zauna yadda kakansa ya zauna domin ɗan birni ya zo ya ɗauki hoto. Wannan gaskiya ce, kuma Cinque Terre kanta gargaɗi ce. Mazaunanta ba su wuce dubu huɗu ba, baƙin da ke zuwa a shekara sun haura miliyan biyu, gidaje da yawa sun koma masaukai, matasa sun fi son sayar da abinci da ɗaukar dutse. Ba wannan ake nema wa Minjibir ba. Manomin arewacin Kano yana buƙatar hanya, asibiti, lantarki da makarantar da 'ya'yansa za su zama likitoci su ma. Kare gonarsa na nufin ya zama noma yana biyansa har ba ya buƙatar sayarwa. Baƙo ƙari ne, idan ya zo. Tushen maganar abinci ne, da ruwan ƙarƙashin ƙasa, da inuwar da ke rage wa birni zafi.

Za a ce an makara. Maƙwabta sun riga sun ba da amsa. A yankin Maraɗi, daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka koma renon kututturan da ke tsirowa a gonakinsu maimakon sassabe su, dabarar da Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne hekta kusan miliyan biyar a Maraɗi da Damagaram sun sake samun itatuwa. Wani babban dalili shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya rena nasa ne. Hausawa ne suka yi wannan, da gatari da haƙuri, a ƙasar da ta fi Dambatta ƙarancin ruwa.

Abin da ya rage a yi

Mataki na farko na gwamnatin jiha ne: a auna, a zana taswira, a ayyana wasu yankunan noma a ƙananan hukumomin da ke kewaye da birni a matsayin inda ba a yanka fuloti, a kuma sa haraji mai ciwo kan filin da aka killace aka bari babu gini babu shuka. Ikon da dokar 1978 ta bai wa gwamna na karɓa, shi ne dai ikon da zai iya karewa da shi. Na biyu, a gyara lissafin diyya ta yadda ɗorawa da gawo da ƙasar da aka gina da taki za su sami kimarsu ta gaskiya. Na uku na jami'o'i ne: Jami'ar Bayero da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta suna da masana da tarin binciken da zai isa a nemi FAO ta sa wannan tsarin noma a jerinta, kamar yadda Tunisiya ta yi wa Ghar El Melh. Ganuwar Kano tana jerin jiran UNESCO tun 2007, kowa kuma ya ga yadda gine-gine ke cin ta a tsawon jiran. Gonaki ba su ma shiga layin ba. Na huɗu na makarantu ne. Ɗalibin da aka kai gidan zu da Gidan Makama ya kamata a kai shi gona a Satumba, manomi ya tsaya gabansa a matsayin malami, a kuma biya shi ladan koyarwa.

Na ƙarshe na mai hoton nan ne. Ba a ce ya fasa tafiya ba, gani ya kori ji, kuma wanda ya ga yadda wasu suka riƙe nasu ya fi kowa sanin abin da ake asara. Amma idan ya dawo, kafin dillali ya sake kiransa da labarin sabon yanka a hanyar Bichi, ya tambayi abin da ke tsaye a filin yanzu, da wanda ke ci daga gare shi, da inda zai koma. Idan kuma ya riga ya saya bai tashi gini ba, ya bar tsohon mai gonar ya ci gaba da shuka, ya hana a taɓa itacen da ke ciki. Bulo ana buga shi a yini guda. Ɗorawa kuwa sai wanda ya dasa ta ya yi furfura kafin ta cika inuwa.